Bargon ƙyallaye don mutanen duwatsun Karolina: yadda aikin ke tafiya

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Jiya da daddare muka yi zama ta Zoom, mu matan ƙungiyar ɗinkin bargo, muka tsayar da magana: duk abin da za mu ɗinka daga yanzu har sanyi ya wuce, na mutanen yammacin jihar nan ne, Karolina ta Arewa. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya saboda 'yan'uwa na gida da ke yawan tambayata wane irin ɗinki ne nake yi da ba riga ba, ba zane ba.

Ga wanda labarin bai kai masa ba, guguwar Helene ta faɗo gaɓar Florida daren 26 ga Satumba, ta hauro arewa, washegari ta juye ruwanta a kan duwatsun jiharmu, alhali ƙasa ta riga ta sha ruwan kwana biyu ta ƙoshi. A birnin Asheville kogin French Broad ya wuce inda ya kai a ambaliyar 1916, wadda ita ake ba da labarinta kafin yanzu. Swannanoa, Chimney Rock, Marshall, Spruce Pine, duk ruwa ya yi gyara. Wani sashe na babban titin I-40 ya zaftare cikin kogin Pigeon, kusa da iyakar Tennessee. Mu a nan Greensboro iska da ruwan sama kawai muka gani, ga shi tsakaninmu da su tafiyar kamar awa uku ce a mota.

Bargon da muke yi hawa uku ne: fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye, audugar ciki, sai shafin baya. Mu goma sha biyu ne, kowacce da jiharta, a Facebook muka haɗu, yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ido da ido ba. Tsarin tamkar adashi ne. Duk wata akwai mai kwasa, ita za ta zaɓi zane da launi, kowacce ta ɗinka gida uku masu kusurwa huɗu ta aika mata ta gidan waya, ita kuma ta haɗa su ta kammala. Bambancin kawai, mai kwasar ba ta ci, bayarwa take yi.

An ɗan kai ruwa rana a zaman. Wata ta ce mu tattara duk bargon da ke hannu a loda a mota gobe-gobe. Wata dattijuwa daga Luwiziyana, wadda guguwar Katrina ta raba da gidanta a 2005, ta ce a'a. Ta ce a makonnin farko ruwan sha ake nema, da magani, da man janareto, da kuɗi a hannu, kuma tulin tufafin da jama'a ke aikowa kan zama wani nauyin ga masu aikin agaji, don babu wurin ajiya, babu mai lokacin tantancewa. Bargo sai mutum ya samu inda zai shimfiɗa haƙarƙarinsa. Hukumomi ma sun roƙi kada kowa ya nufi yankin. Maganarta muka bi, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Kowacce ta tura abin da ya sawwaƙa na kuɗi ga masu agaji, barguna kuma mu nufi watan Disamba da su.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kwasar wannan zagaye tawa ce. Na zaɓi zane mafi sauƙi, mai ƙyalle tara a kowane gida: a yanka ƙyalle tara, kowanne inci 4 da rabi ta kowane gefe, a jera uku-uku a ɗinke. Idan an yi daidai gidan zai fito inci 12 da rabi, in ya shiga bargo ya koma 12 cif. Gida biyar a kwance, bakwai a tsaye, 35 ke nan, bargo mai faɗin inci 60 da tsawon 84, ya ishi babban mutum ya lulluɓa har ƙafa. Gida na 36 na ko-ta-kwana ne. Launi kuma na ce shuɗi da ruwan ƙasa da ruwan madara, sai ƙyallen tsakiya na kowane gida ya zama atamfa.

Atamfar daga wajen Hajiya ta fito, wata 'yar Maraɗi da ke ɗinkin kayan mata a garin nan. Greensboro akwai mutanen Nijar da yawa, don haka kekenta ba ya hutawa, musamman in biki ya matso. Na je na gaishe ta na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta jawo wata babbar jaka daga ƙarƙashin teburin yanka ta ce, "Ɗiyata, ɗauki duka. Shekara da shekaru ina tarawa, hannuna ya kasa zubarwa." Ciki har da guntayen sufa da Holan, wasu ba su fi tafin hannu ba, wasu sun kusa rabin yadi. Leshi da shadda mai maiƙo na ware gefe. Auduga zalla ake so, wadda za ta jure injin wanki da na busarwa.

Kafin almakashi ya taɓa su sai da na wanke su kaf. Atamfa tana zuwa da tauri, wata tana zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu, kuma auduga takan ɗan tsuke a wankin farko. Gara ta yi zubarta ta yi tsukewarta tun tana ƙyalle. Nakan jiƙa kowane launi daban a roba da ruwan ɗumi, in tsoma farin ƙyalle ciki. In ya fito fari, ta ci jarrabawa. Wata ja mai zanen ganye ta ƙi daina zuba, na haƙura da ita duk da kyanta.

Akwai kuma batun ƙamshi. Gidan Bahaushiya ba ya rabuwa da turaren wuta, auduga kuma tana kama ƙamshi ta riƙe. A nan ba a karɓar bargon sadaka mai warin taba ko turare ko gashin kyanwa, saboda masu asma da masu jinya. Don haka ɗakin ɗinki na rufe shi, kasko ba ya shiga, yadin da aka wanke aka goge kuma cikin akwatin roba mai murfi yake kwana. Na yanka atamfar gida-gida, na sa uku a kowace ambulan, na aika wa sauran goma sha ɗaya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ambulan sun fara dawowa: Ohayo, Teksas, Oregon, Bajiniya. Buɗe su akwai daɗi. Ka ga atamfar da wata amarya ta sa a Greensboro zaune tsakiyar yadin da wata tsohuwa ta ajiye tun zamanin 'ya'yanta suna ƙanana, kuma sun karɓi juna.

Duk wannan aiki a kan abu ɗaya ya rataya, wato rubu'in inci. Shi ne abin da ake bari tsakanin bakin ƙyalle da layin zare. Mata goma sha biyu, keke goma sha biyu, babu wadda ke ganin hannun wata, amma in kowacce ta riƙe wannan awo, gidajen za su haɗu kusurwa da kusurwa kamar hannu ɗaya ne ya yi su. Mai ɗinkin tufafi ba haka ta saba ba. Mu a gida tela yakan bar yadi da yawa a ciki don in an yi ƙiba a buɗe. Wata sabuwar shiga, ƙwararriya ce a ɗinkin riguna, ta bar ukun takwas na inci maimakon rubu'i. Abin da ta ƙara bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, amma kowane layi yana cin gefe biyu, gida kuma layi biyu gare shi ta kowace fuska, sai gidajenta suka fito inci 12 maimakon 12 da rabi.

Wata a cikinmu ta ce a ja su da dutsen guga a cusa, ai na sadaka ne, da babu gara ba daɗi. A nan ne na ƙi. Gidan da aka ja da ƙarfi zai tattare a wanki, ɗinkin ya buɗe, auduga ta leƙo. Wanda za a ba bargon nan ruwa ya tafi da gadonsa da hotunan iyayensa. An riga an ba shi tsofaffin kayan mutane iya ba shi. Ya kamata a ce cikin abin da ya samu akwai guda ɗaya da aka yi dominsa, aka kuma yi shi da kyau. Ƙyalle ragowa ne, wannan gaskiya ne, amma aikin da za a yi a kansa bai kamata ya zama ragowa ba. Mu da muka tashi da ayar nan ta 92 a Suratu Ali Imrana, mai cewa ba a kai ga alheri sai an ciyar daga abin da ake so, bai dace mu ne masu kawo shawarar a rage inganci ba.

Na kira baiwar Allahn, muka yi hira mai daɗi. Na nuna mata dabarar manna tef a jikin keke, rubu'in inci daga allura, ya zama jagora ga bakin yadi. Gidajen nata na farke su da tsinken farka na sake ɗinkewa, ban yar da ko ɗaya ba. Ta ce zagaye mai zuwa in auna nata kafin na kowa.

Talata, 19 ga Nuwamba

Jiya aka sanar cewa ruwan famfon Asheville ya koma na sha ba sai an tafasa ba. Tun ƙarshen Satumba suke jira. Alhamdu lillahi.

Fuskar bargona ta haɗu, wasu biyu kuma sun haɗu a hannun abokan aiki, don mun koma kwasa biyu a wata.

Wata ƙawata ta tambaye ni ta waya, me ya sa ban ɗinka wa mutanen Maiduguri ba, alhali su ma madatsar Alau ta ɓalle musu ranar 10 ga Satumba, makonni kaɗan kafin ta nan, ga hunturu ya kawo kai. Tambayar ta taɓa ni, don tun ranar abin yana raina. Amsar ita ce lissafi. Kuɗin da zan biya in aika bargo ɗaya daga Amurka zuwa Borno ya isa a sayi barguna da dama a can, ɗan kasuwar da shi ma ruwa ya ci shagonsa ya samu ciniki. Saboda haka can kuɗi na tura ta hannun 'yan'uwa. Amma ina da wani buri. Babu shagon tela a Kano ko Kaduna ko Damagaram da ba ya share ƙyallaye ya zubar kullum, kafin salla kuwa buhu-buhu. Keken Butterfly na ƙafa ya isa wannan aiki, ba ya jiran wuta. Mata goma a WhatsApp, da awo ɗaya da suka amince da shi, da direban tasha mai kai saƙo, sun isa su fara.

Lahadi, 1 ga Disamba

Hutun ranar godiya ta Amurkawa da aka yi ranar Alhamis ya ba ni sararin haɗa hawa ukun. Na ture kujerun falo, na shimfiɗa shafin baya a ƙasa, fuskarsa na kallon ƙasa, na ja shi ya miƙe na manne gefunansa da tef. Auduga a kai, sannan fuskar bargon. Daga tsakiya ake fara lallashewa da tafin hannu zuwa gefe, ana soka fil mai makulli duk bayan faɗin hannu. Aikin durƙuso ne, gwiwa da baya duk sai sun shaida.

Sai ɗinkin da ke ratsa hawa ukun ya riƙe su. In babu shi, audugar za ta dunƙule gefe guda a wanki. Na sa wa keke ƙafar nan mai haƙora, wadda ke jan yadin sama daidai da yadda haƙoran keke ke jan na ƙasa, na bi layi miƙaƙƙe daga kusurwa zuwa kusurwa ta cikin kowane gida. Wahalar ita ce tura bargo mai inci 84 ta ɗan ramin keken gida. Sai an naɗe rabinsa an ɗora a kafaɗa. Wata cikinmu a Bajiniya tana da babban keke mai dogon hannu, wanda ake ɗaure bargon a kan firam keken ne ke yawo a kansa. Abin da ke cin mini kwanaki, ita yini ɗaya ya ishe ta, kuma ta ce a turo mata duk wanda aka haɗa, kyauta. Sharaɗinta kawai shafi da auduga su fi fuskar da inci 4 ta kowane gefe, don ta samu abin kamawa.

Baki kuma, wato abin da ake naɗe gefen bargon da shi, tsiri ne mai faɗin inci 2 da rabi, a ninka biyu a goge. Kewayen bargon inci 288 ne, don haka tsiri takwas na yanka na haɗa su a karkace. Masu yin na gasa da hannu suke kalmashe bayan. Mu da keke muke yi ciki da waje, saboda wannan bargo injin wankin haya zai riƙa shiga.

A kusurwar baya mun ɗinka ɗan farin ƙyalle mai ɗauke da shekara, da yadda ake wanke shi, da jihohin da gidajen suka fito. Ba mu sa sunan kowa ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Kashin farko ya isa. Ba mu muka raba ba. Wata malamar makaranta mai ritaya a Black Mountain, wadda ta san gida-gida a kwarin Swannanoa, ita ta karɓa. Tun farko mun amince ba za a ɗauki hoton kowa riƙe da bargo ba. Mutum yana cikin halin da yake ciki, ba sai an sa shi ya yi murmushi don mu ji daɗi ba.

Abin da ta faɗa mana bayan rabon ya fi kowane hoto amfani. Da yawa daga waɗanda suka rasa gidaje yanzu a cikin tirelolin kwana suke, irin waɗanda ake ja da mota, an kafa su a filin da gidan yake a da. Wasu ma tanti ne. Gadajen ciki ƙanana ne, bargo mai faɗin 60 yana jan ƙasa, ƙasar kuma laka ce. Ta ce mu rage faɗi, mu guji fari da ruwan madara. Ta ƙara da cewa kusan duk abin da ake aikowa furanni ne da launin 'yan mata, alhali akwai tsofaffin maza masu zaman kansu da samari 'yan sakandare, su ne ba a tunawa da su. Nan take muka sauya: gida huɗu a kwance, bakwai a tsaye, inci 48 da 84, launi mai duhu, shafin baya kuma yadin fulanel mai laushi da ɗumi.

Ta ce wani dattijo ya daɗe yana shafa gidan atamfar, yana tambaya daga ina wannan yadi ya fito. Na kai wa Hajiya wannan labari. Ta ce, "Allah Sarki. Ki ce masa daga Maraɗi." Ta kuma cika mini wata jakar.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Dusar ƙanƙara ta sauka jiya har nan Greensboro. A kan duwatsu sanyin ya fi nan nesa ba kusa ba, ga bangon tirela ba kauri. Yanzu gidajen talabijin sun koma kan gobarar Los Angeles, wadda ita ma masifa ce babba. Waɗanda suka mutu a jiharmu sanadin Helene sun haura 100, masu rai kuma har yau suna cike takardun neman taimako. Wannan ne lokacin da dattijuwar Luwiziyana ta faɗa mana tun Oktoba: ranar da motocin agaji suka ragu, jama'a suka koma harkokinsu, sannan ne mai bargo ke da amfani.

Zanen wannan wata shi ne wanda suke kira bukkar katako. Ana fara shi da ɗan jan ƙyalle a tsakiya, wanda a al'adarsu yake nufin murhun gida, sai a riƙa kewaye shi da tsiri-tsiri, gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu. Yana cinye ƙananan tsirin da ba su da wani amfani, shi ya sa na so shi. Ya yi tashe tun shekarun 1860, lokacin yaƙin basasar Amurka. Mai kwasar watan, wadda ta san tarihin sana'ar, ta ce awon da muka koma, 48 da 84, shi ne wanda matan arewacin ƙasar suka riƙa ɗinka wa sojojin da ke jinya a wancan yaƙi na 1861 zuwa 1865, don ya dace da ƙaramin gadon asibiti.

Ni kuwa waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama da kogi ya kusa kewayewa. Jikokin bayi ne. Da tsofaffin wandunan gona da buhunan da suka ƙare suke haɗa barguna, don gidajensu na katako ba sa tare iska. Ba su bi awon kowa ba, amma idonsu ya san inda kowane launi zai zauna. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan Niyok, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta buga shi a kan tambarin wasiƙa. Duk mai cewa abin da aka haɗa da ragowa ba ya kyau, ya nemi hotunan nan ya gani.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Labari mara daɗi ga masu ɗinki a ƙasar nan: kamfanin Joann, mai shagunan yadi kusan 800, wanda ya shiga kotun fatara a watan Janairu, zai rufe dukkan shagunansa. A ƙananan garuruwa da yawa shi ne kaɗai inda ake samun auduga da zare da sauƙin kuɗi. Ƙyallen fuska kyauta muke samu, amma audugar ciki da shafi saye ake yi, kuma su ne ke cin kuɗin. Mun haɗa gudummawa mun sayi babban naɗi na auduga guda, an kai gidan mai dogon keke a Bajiniya, daga can za a riƙa yanka.

Malamar Black Mountain ta ce yanzu na yara take so. Wasunsu har yau in aka fara ruwan sama ba sa iya barci. Waɗannan ta hannun reshen Project Linus za mu bi da su, ƙungiyar da Karen Loucks ta kafa a Denver a 1995 don kai wa yara marasa lafiya da waɗanda wata masifa ta shafa barguna na hannu. Ƙa'idarsu a fili take: sabo, ɗinkin hannu ko na keken gida, mai wankuwa, babu maɓalli ko wani abin da yaro zai cire ya haɗiye, babu wari, a kuma laluba a tabbatar ba a manta fil a ciki ba. Girman da muka tsayar gida uku da huɗu ne ga ƙanana, inci 36 da 48, sai huɗu da biyar ga manyansu.

Jibi Asabar ake sa ran ɗaukar azumi. Na gaya wa ƙungiya cewa a watan nan yanka da guga zan riƙa yi bayan sallar asuba, haɗi kuma wata ta karɓa, sun kuma matsar da zaman Zoom zuwa rana saboda buɗa-baki da tarawihi. Hajiya ta ce ɗinkin salla ya fara shigowa, in shirya akwati babba. Abin da ke kan teburi yanzu: fuska biyu na jiran baki, ɗaya na hanyar Bajiniya, sai gidajen yara da za a fara yankawa ranar Litinin, in Allah ya kai mu.